Fasinjan Cadi da Ƙugiyar Kawu Malami

Ati, ƙasar Cadi
Mayu, 1982

Zuwa ga Kawu Malami,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, da Inna, da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna? Ni ina nan lafiya, sai zafin rana da kewar gida. An ce aikin kiyaye zaman lafiyar da ya kawo mu ya kusa ƙarewa, wataƙila kafin damina ta yi nisa mu dawo.

Kawu, na riga na rubuto maka rasuwar Isa, abokina ɗan Anka da muka shiga soja tare, wanda motarsa ta kife a cikin yashi. Akwai abin da ban faɗa ba a waccan wasiƙar. Isa ya bar kare.

Lokacin da muka iso garin nan rabin mutanensa sun gudu, karnuka suna ta yawo a kangaye. Wannan ɗaya ya liƙe wa motar Isa, daga ƙashi sai fata, kunne ɗaya a yage. Isa ya riƙa jefa masa guntun burodi, har ta kai in an tada mota sai ya yi tsalle ya haye baya, shi ya sa muka sa masa suna Fasinja. Karen baki ne, da ɗan fari a ƙirji. Ranar da muka binne Isa, Fasinja ya kwanta a kan kabarin ya ƙi tashi. Da yunwa ta koro shi sai ya shigo tantinmu, ya lalubo takalmin Isa ƙafa ɗaya ya ɗora kai. Tun daga ranar a kansa yake kwana.

Isa bai bar mini wasiyya ba, bai ma samu bakin magana ba. Ni na ɗora wa kaina. Ba zan iya hawa mota in bar shi yana bin ta da gudu ba. A bariki ba a yarda ƙaramin soja ya ajiye kare, Iya Marka mahaifiyar Isa kuma ta tsufa, da ƙyar take ciyar da kanta. Saura kai. Na san abin da za ka ce, amma ina roƙonka ka ba shi wuri ko a bayan gida ne.

Na yi ƙoƙarin sa wa haruffa ƙugiyoyin nan naka. In wata ta tsere mini ka yi haƙuri.

Ɗanka,
Dikko

*

Bukkuyum
Yuni, 1982

Dikko ɗan Kulu,

Sallama irin ta Musulunci. Muna lafiya. Ƙafar uwarka da sauƙi, tana taka ta har rijiya. An yi ruwan shuka, gero ya tsiro. Allah shi jiƙan Isa. Na tahi Anka na yi wa tsohuwarshi gaisuwa, na iske ta da haƙuri fiye da yadda na zata.

To, sai maganar kare. Na sake karantawa don in tabbata ba idona ne ya fara yi mani wasa ba. Mutane na tahiya ƙasar waje su komo da rediyo, da agogo, da bargo mai gashi, kai kuma tsarabar da ka samo wa kawunka ita ce kare mai yagaggen kunne. Wai karnukan Bukkuyum sun ƙare ne? Ni da ke jan salla a masallacin unguwa in liman ya yi tahiya, ni za a riƙa yi wa kwatance ana cewa gidan nan mai kare? Ban yarda ba, kuma kada ka bi ta wurin uwarka, na san halinku.

Sannan ka rubuta wai karen "baki" ne. Kowane kare yana da baki, har ya yi mashi yawa. In baƙi kake nufi, mi ya hana ka lanƙwasa kan harafin? Na koyar da yaƙi da jahilci har furfura ta fito mani, na zaunar da tsofaffi masu jikoki sun iya raba k da ƙ, ɗan ƙanwata kawai ya gagare ni. Duk wasiƙarka sai na zauna da jan biro na bi ta layi layi ina sa ƙugiya kafin in karanta wa uwarka. Na sha gaya maka ƙugiya ɗaya tana mai da magana wata magana daban, kai kuma sai ka yi dariya.

Ka bar karen a ƙasarsu. Wanda ya ciyar da shi kafin Isa bai tahi ko'ina ba. Kai dai ka komo mana da ƙafafunka biyu, shi ne abin da muke roƙo kullum.

Kawunka,
Malami

*

Bukkuyum
Oktoba, 1982

Dikko,

Muna lafiya, uwarka na gaishe ka. An yanke gero, dawa ta yi kai, alhamdu lillahi. Ina fatan ka isa Inugu lafiya, ruwan can kuma ya karɓe ka.

Ka kyauta. Ka zo hutu, ka ci tuwona, kana gaishe ni kana sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, ka ce mani ka bar karen wurin wani abokinka a Gummi. Ashe yana ɗaure bayan rumbu, uwarka na kai mashi ƙanzo a ɓoye. Ka hau mota ka tahi, da hantsi na zagaya ɗaukar fartanya sai ga mu ido da ido. Da kana kusa ranar da ka san kawunka bai tsufa ba.

Na yi niyyar kwance shi in kora, sai na ga ba shi cin abinci, ba shi haushi, ya ɗora kai bisa takalmin nan guda da ka bar mashi yana kallon ƙofa. Na ce zo, na ce yaka, na yi fito, ko kunne bai motsa ba. Sai uwarka ta tuna ka ce da Larabcin Cadi Isa ke kiranshi, a ce mashi ta'al. Dikko, Larabcin da na sha bulala a kanshi, na tanada don amsa tambayar kabari, yau ga ni bayan rumbu ina kashe shi ga kare. Abin haushin kuma, ya taso ya zo.

Yanzu bina yake gona. Biran da suka saba mai da gonata ta hanyar Zugu gidan biki sun koma ta Maikuɗi maƙwabcina, shi kuma ya ɗauki fushi da ni, yana kirana Malami na Fasinja a gaban mutane. Na tambayi liman, ya ce karen da ke tsaron gona da dabbobi ba laifi, in dai ba ɗaki yake shiga ba. Na yi mashi 'yar rumfa kusa da turken awaki. In ya raka ni masallaci sai shi tsaya can gindin darbejiya shi jira, bai taɓa ƙetarowa ba, kuma ba wanda ya koya mashi. Ya fi wasu da na sani ladabi, har da wani soja.

Rannan na ɗauki takalmin nan zan jefar, don ya fara wari. Shi ne kawai ranar da ya nuna mani haƙori. Na mayar mashi da kayanshi.

Kada ka ɗauka sonshi nake. Aiki yake yi, mai aiki kuwa ana ba shi abinci. Ya yi ƙiba, gashinshi na ƙyalli, kuma baƙi ne, da ƙugiya.

Kawunka,
Malami

*

Inugu
Disamba, 1982

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna. Ina lafiya, sai dai garin rogo ya ishe ni.

Na karanta wasiƙarka ina dariya har abokan ɗakina suka ɗauka an yi mini albishir ɗin aure. Ka gafarce ni ƙaryar da na yi maka. Na san in na tsaya neman izini ba zan samu ba, na kuma san in kuka haɗa ido ba za ka iya korarsa ba. Inna ce ta faɗa mini haka, ta ce ta san yayanta, faɗansa a baki yake.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun da muka dawo daga Cadi barci ba ya zama a idona. Ina rufe ido sai in ga wurin da muka bar Isa, babu itace, babu gida, babu wanda zai wuce ya yi masa addu'a. Amma da na karanta cewa Fasinja yana cin abinci, yana korar birai a gonarmu, sai na ji kamar ban baro Isa gaba ɗaya a can ba. Kar ka yi mini dariya, Kawu. Ka riƙa ba ni labarinsa ko layi biyu ne.

Ɗanka,
Dikko

*

Bukkuyum
Maris, 1983

Dikko,

Bayan gaisuwa, mu mutane muna lafiya, sai zafin bazara. Ba zan ja ka da nisa ba. Fasinja ba shi da lafiya, kuma abin ya yi tsanani.

Da tari ya fara, da majina, idanunshi na kwantsa. Na ce mura ce. Uwarka ta dafa mashi sabara, ya sha, ba ta yi ba. Sai ya daina bina gona. Daga baya bakinshi ya fara motsi shi kaɗai kamar mai tauna, sannan abin ya riƙa kayar da shi, shi yi ta shure-shure kumfa na fita, in ya lafa sai shi tashi yana tangaɗi yana neman ruwa.

Ranar kasuwa na sa shi a kwando na rufe da buhu na kai shi Gummi wurin malamin dabbobi. Direba ya ce ba shi ɗaukar kare cikin mutane, sai na hau can saman buhunan gyaɗa, da rawanina da girmana, na rungume kwando har Gummi. Fasinja ya koma sana'arshi. Malamin dabbobin ya duba shi da kyau, ya ba shi ruwa ya ga ya sha, ya ce ba hauka ba ne, wani ciwo ne na karnuka da ke hawa kai, ba shi kama mutum. Ya ce wasu na tashi, da yawa ba su tashi. Magani kuwa ba su da shi, duk abin da ke hannunsu na bushiya ne, annobar nan da ta faɗa wa shanun Fulani har ta mai da masu garke masu sanda kawai. Na ga shanu kwance a bakin hanya, na ji kunyar kwandon da ke hannuna, amma ban ajiye shi ba.

Matsalar ita ce gari. Maikuɗi ya leƙo ta katanga ya ga kumfa, kafin azahar kowa ya ji cewa karen Cadi ya haukace. Na maimaita masu abin da malamin dabbobi ya ce, sun ce shi ba a unguwar nan ɗiyanshi ke wasa ba. Ban ga laifinsu duka ba, wanda ya taɓa ganin mutumin da mahaukacin kare ya ciza ba ya mantawa. Amma jiya ina masallaci samari suka yi ta jifa ta bisa katanga, dutse ya same shi a ƙugu, yanzu ƙafafun baya da ƙyar yake jan su. Maigari ya aiko cewa kafin kasuwa ta zagayo sau biyu in san yadda zan yi da shi, in ba haka ba za su shigo da sanduna da igiya su yi da kansu.

Na mayar da shi ɗakinka, na sa kwaɗo. Ni da na ce ba shi shiga ɗaki. Da hannu nake ba shi kunu.

Karenka ne, amanar abokinka ce, ba zan yanke komai ba sai na ji daga bakinka. Wasiƙa na daɗewa, ka buga wayar tangaraho gidan waya na Gummi, direban nan zai kawo mani. Ka gaya mani abu ɗaya, in yi shi. Ka hanzarta, ɗana, yana wahala, ni ma haka.

Kawunka,
Malami

*

Saƙon tangaraho daga Inugu zuwa gidan waya na Gummi
Afrilu, 1983

MALAM MALAMI BUKKUYUM. KAWU KA KARE SHI DON ALLAH KADA YA WULAKANTA. WASIKA NA BIYE. DIKKO.

*

Inugu
Afrilu, 1983

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Yanzun nan na fito daga gidan waya, na buga maka saƙo, ga cikakken bayani.

Wasiƙarka ta same ni a bakin aiki, ban san yadda na ƙarasa ranar ba. Kai da ka hau saman lodi da rawaninka saboda shi, ban san da wane baki zan gode maka ba.

Kamar yadda na ce a waya, ka kare mini shi daga mutanen nan. Ka tsaya tsakaninsa da su. Ka bar shi a ɗakina a kulle, ka je wurin maigari da kanka, in ya yiwu ka roƙi malamin dabbobi ya rubuto takardar shaida cewa ba hauka ba ne. Ka ce musu mai karen soja ne, yana tafe, su jira shi. Ba za su shiga gidanka da sanda kana tsaye a ƙofa ba, na san girmanka a garin nan.

Na samu wani likitan dabbobi a nan cikin gari, na yi masa bayani, ya ba ni allurai da ƙwayoyi. Bai yi mini alkawari ba, amma ya ce a gwada. Na nemi fas, wato izinin zuwa gida, wurin ofisanmu, da an sa hannu zan kamo hanya, ba zan ko tsaya Gusau ba. Ka ci gaba da ba shi kunu da ruwa, ka sa masa takalmin kusa da kai. Ka riƙe mini shi da rai har in iso, Kawu. Ko mutuwa zai yi, ina so in gan shi tukuna.

Ɗanka,
Dikko

*

Bukkuyum
Afrilu, 1983

Dikko,

Muna lafiya, uwarka na gaishe ka. Wayarka ta iso, wasiƙar da ka ce tana biye ba ta iso ba tukuna. Na yi abin da ka ce.

Na san masu waya ba su da ƙugiya a na'urarsu, don haka na zauna a zaure na sa masu da jan birona yadda na saba: wulaƙanta, wasiƙa, ƙare. Ta ukun na bari ƙarshe, da na kai ta na daɗe riƙe da takardar. Na yi mamakin da ba ka ce ƙarasa ba, sai na ce waya ce, gutsure magana ake yi. Ba zan ɓoye maka ba, na ji haushinka ƙwarai. Na ce yaron nan aikin soja ya busar mashi da zuciya, layi ɗaya ya yanke hukunci. Na so in jira wasiƙar, amma wasiƙa ba ta da ranar isowa, kasuwa ta matso, shi kuma ƙafafun baya sun mutu gaba ɗaya, abin na kayar da shi safe da yamma. Na dube shi na dubi takardarka, na ga kai ke da gaskiya, ni ne nake riƙe da shi don kaina.

Na aro bindigar Tsoho maharbi. Ya ce in bari shi yi mani, aikinshi ne. Na ce a'a, ba baƙon hannu zai taɓa shi ba. Da sassafe na ɗora shi bisa jaki, uwarka ta rako mu har ƙofar gida tana share ido da gefen zane, muka tahi gonar hanyar Zugu, gindin ɗorawar da yake kwanciya in ina noma.

Na shimfiɗa mashi buhu, na sa mashi takalmin. Na tsiyaya ruwa daga butar alwalata a tafin hannuna ya lasa. Muka zauna har rana ta ɗaga, ina ba shi labarin banza, na birai, na Maikuɗi. Da na ga ya natsu sai na tashi na ja baya don in gyara tsayuwa. Idanunshi sun riga sun rufe da kwantsa, ba shi gani, sai ya ɗaga kai yana shinshinar iska yana nemana. Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce ta'al ba. Ya jawo jiki da ƙafafun gaba, a hankali, a hankali, har ya iso ya ɗora kai bisa ƙafata. A nan na yi. Bai yi kuka ba, bai san abin da ya faru ba.

Ka san mu nan in kare ya mutu igiya ake ɗaura mashi a ja shi daji a bar wa angulu. Ban yi haka ba. Na haƙa rami mai zurfi yadda kura ba za ta tone ba, na sa shi da buhun da takalmin, na rufe, na jera duwatsu. Duk wanda ya so shi yi dariya shi yi.

Ba wanda ya sake jifanshi, ba wanda ya sa mashi igiya. Bai wulaƙanta ba. Na gode da ka ɗauke mani nauyin yanke shawara, don ni da ba zan iya ba. Jiya na fito masallaci na tsaya ina kallon gindin darbejiya, sai da liman ya taɓa ni.

Kawunka,
Malami

*

Bukkuyum
Afrilu, 1983

Dikko,

Lafiyarmu lau a jiki. Wasiƙarka ta iso yau da hantsi, direban da ya kawo ta shi na ba waccan tawa tun shekaranjiya, don haka ba ni da hanyar maido ta.

Na karanta a zaure. Da na kai inda ka ce in kare maka shi daga mutanen nan, in tsaya tsakaninshi da su, sai na tashi na ɗauko takardar waya na ajiye su gefe da gefe. Ƙugiyar tana nan ja, da hannuna. Kai ka rubuta daidai. Ka ce in kare shi, ni na lanƙwasa harafin na mai da shi ƙare. Ba laifin masu waya ba ne, ba naka ba ne. Tun kana yaro nake yi maka faɗa a kan wanga abu, na saba ganin kuskurenka har na ga shi inda babu shi.

Na gaya wa uwarka. Ta yi salati, ta shiga ɗaki. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Ka ce ko mutuwa zai yi kana so ka gan shi tukuna. Na hana ka wannan, kuma ba ni da abin da zan biya ka da shi. Ba na rubuto don ka ce mani ba komai ba, akwai komai. Ka yi fushinka yadda ya kamata, kai ne mai haƙƙi. Maganin da ka saya, in ka zo ka ba malamin dabbobi na Gummi, ko wani kare zai amfana.

Da fensir na rubuto maka. Biron yana nan bisa tabarma, na kasa ɗaukarshi.

Kawunka,
Malami

*

Inugu
Mayu, 1983

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ina gaida Inna, ka ce mata ta fito daga ɗaki ta yi maka magana, in ji ni.

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka iso, kuma da tsautsayi ta biyun na fara buɗewa. Ba zan yi maka ƙarya ba karo na biyu. Na yi kuka, na kuma yi fushi, na ɗauki alƙalami na rubuta maganganun da na gode Allah da ban aika ba. Shi ya sa ka ji ni shiru.

Fas ɗin da na nema ba a ba ni ba har yau, an ce sai damina. Da ka karanta daidai, da har yanzu kana tsaye a ƙofa kana jirana, shi kuma yana shure-shure a ɗaki. Na koma wurin likitan nan na karanta masa yadda ka kwatanta ciwon. Ya ce in ya kai ga haka allura ba ta dawo da kare. Ban sani ba ko don ya kwantar mini da hankali ya faɗa, kuma ba zan ce maka na tabbata ba. Allah ne ya sani.

Amma na san abin da ya sa na ruga gidan waya ranar. Duwatsun nan nake gani, da sanduna, da igiya a wuya ana jan sa a ƙasa yara na bi. Isa ya cika a ƙarƙashin mota babu kowa kusa da shi, sai da rana ta yi muka iso. Abin da na kasa ɗauka ke nan tun daga Cadi. Shi kuwa Fasinja ya sha ruwa a tafin hannunka, ya ji muryar da ya sani ta kira shi, ya zo da kansa, ya ɗora kai inda yake so. Yana da kabari a gonarmu, inda za a riƙa wucewa. Na karanta ta farkon cikin wasiƙun nan naka biyu har ta fara yagewa, kuma tun da na daina fushi nake samun barci.

In na zo da damina ka kai ni gindin ɗorawar, daga nan mu wuce Anka mu gaida Iya Marka tare. Ka ɗauki bironka, ina da sauran kurakurai da yawa a gaba. Layi ɗaya kawai nake roƙon ka bari. Kalmomin nan uku ne dai na takardar waya, amma a can roƙo nake yi, a nan shaida nake bayarwa a kan abin da ka riga ka yi.

Ka kare shi, Kawu. Haka na rubuta, haka nake nufi, kada ka sa masa ƙugiya.

Ɗanka,
Dikko